Taɓon da Muka Tayar

Quellinco,
9 ga Maris.

Yayana Baldomero,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da matarka Yaya Eduvigis da yara da jikoki. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da iskar Punta Arenas ke tayar maka duk shekara, ya tsare ku daga sanyin da ke tafe. Na ji an ce har yanzu kana fita da sassafe kana zagaya tumakin mutane kamar ɗan shekara talatin. Ka dai rage, tunda ba mai ba ka aron gwiwa in taka ta ƙare.

Mu a nan jikinmu lafiya. Itacen tuffa na bayan gida ya yi 'ya'ya bana har sai da muka tokare rassansa da sanduna. Dankali ya yi kyau, tumaki sun haihu, an kuma gama gyaran rufin coci bayan shekara huɗu ana surutu. Gwaggo Clorinda ta cika tamanin da tara, har yanzu tana zaune a taga tana zagin duk wanda ya wuce bai gaishe ta ba, wanda ya gaishe ta ma ba ya tsira. Maite, 'yar ɗana Nibaldo, ta shiga shekara ta huɗu. Duk inda na sa ƙafa tana nan biye da ni, ita ce mai ɗebo ƙwai, ita ce mai fasa rabinsu a hanya. Bakinta bai iya Orfelina ba, sai ta ce Kaka Ofe, yanzu har manya sun ɗauka.

Ka san ni ba mai rubutu ba ce, waya ta fi min sauƙi. Amma wannan magana ba ta waya ba ce, don kai kana da halin katse mutum, ni kuma in na ji muryarka kuka zan yi, a ƙare ba a faɗi komai ba. Ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi ko ka yi dariya.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, shekara uku ke nan. Muna zaune gaban murhu kana shan mate, shayin ganyen nan da muke sha a ƙoƙo, ka ce in ba ka Nibaldo ya bi ka kudu, akwai aiki a wurin askin tumaki, akwai ɗaki a bayan gidanka da zai ishe shi da matarsa Yasna da jaririyarsu. Ka tuna abin da na ce maka. Na ce na haifi biyar, hanya ta ɗauke huɗu, wannan ɗayan sai dai a tsallaka gawata a tafi da shi. Na ce kai ka gudu ka bar wa ciyawa kabarin Baba, kada ka zo ka koya wa ɗana gudu. Ka ajiye ƙoƙon ka fita, washegari ka hau jirgi ba mu yi sallamar kirki ba. A ranar Nibaldo ya dafa kafaɗata ya ce, Mama, kwantar da hankalinki, ba inda zan je. Ya kuwa riƙe maganar.

Kai da ka fasa ɓawon chorito, ɗan naman tekun nan da ke rufe cikin ɓawo biyu, da haƙori tun kana ɗan shekara biyar, ba sai na gaya maka abin da muke ci da shi ba. Igiyoyin da muke ratayewa cikin ruwa chorito yana girma a jikinsu, a tsakiyar lungun teku da bakinsa, su ne gonarmu ta biyu. Ƙuryar lungun kuwa, inda muke tsintar chorito muna yara in ruwa ya janye, ka san kamfanin kifin salmon ya mamaye ta. Shekara ashirin da ɗaya suna watsa wa kifi abinci a keji, kifi na ci suna kashi, abin da ba su ci ba yana nutsewa. Shekara shida da suka wuce suka kwashe duk abin da zai sayu suka tafi. Abin da ba zai sayu ba suka bar mana a ƙasan ruwa, wato manyan tubalan kankare da suke ɗaure kejin da su, da sarƙoƙi, da ruɓaɓɓiyar raga. Nibaldo ya yi shekara huɗu yana zirga-zirga ofis-ofis, har ya samo wa gida bakwai izinin shimfiɗa sababbin igiyoyi a wurin. Da tsofaffin da sababbin, gida bakwai za su ci su ƙoshi, ba wanda zai sake tura ɗansa ci-rani. Abu ɗaya ya rage, a fitar da tarkacen daga ƙasa, don ba a kafa igiya a kan sarƙa.

A watan Nuwamba aka zauna a zauren da ke gefen coci don a sa ranar gayya. Tunda Nibaldo ne ya samo takardar, gidanmu ne mai gayya, ni ce mai ciyarwa. Sai Baba Eleodoro ya miƙe da sandarsa. Ka san shi, mai nutson nan da ya yi wa kamfanin aiki shekara goma sha huɗu har ruwa ya shanye masa ƙafa ɗaya. Ya ce shi ya san ƙasan wurin nan fiye da yadda ya san ƙarƙashin gadonsa. Ya ce taɓo ne baƙi ƙirin, mai laushi kamar kunu, ya taɓa zura hannu har kafaɗa bai ji ƙasa ba. Ya ce abin nan barci yake yi, kada mu tashe shi da rani. In ya zama dole a bari sai Yuli, tsakiyar sanyi, lokacin da iskar arewa ke kaɗa ruwa tana wanke lungun. Kuma kada a ja tubalan a ƙasa, a ɗaura musu durom-durom a ɗaga su sama ɗaya bayan ɗaya, ko da aikin zai ci wata biyu.

Yaya, na ga Nibaldo ya fara gyaɗa kai. Sai ni, da wannan baki nawa da Inna ta sha faɗa cewa wata rana zai ja min, na miƙe. Na ce tun da aka kafa Quellinco wa ya taɓa jin an yi gayya a Yuli? Da me zan ciyar da mutum sittin, da tsohon dankali mai tsiro da busasshen kifi? A Janairu ne raguna ke da kitse, sabon dankali ya fito, 'yan ci-rani sun dawo gida, ruwa kuma a kwance. Na ce gayyar gidan Chiguay za a yi, ba zaman makoki ba. Batun durom kuwa, na ce mu da muka ja gidan Baba sukutum da shanu goma sha biyu, muka tsallaka teku da shi bai jiƙe ba, shi ne tubalin kankare zai sa mu tsaya muna lallashi? Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na juya na ce wa tsohon, Baba Eleodoro, ruwa ya tsorata ka sau ɗaya, yanzu ko kwanon wanka ka gani sai ka yi addu'a. Zauren ya fashe da dariya. Custodio maƙwabcinmu ya fi kowa, yana buga tebur yana cewa Orfelina ta gama magana, a kawo igiya. Tsohon ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ran goma sha ɗaya ga Janairu muka fara, jirage goma sha huɗu. Masu nutso biyu suna sauka su maƙala ƙugiya, sai jirage huɗu su haɗa igiya su ja, ana ihu ana yi wa injuna kirari kamar yadda ake yi wa shanu. In tubali ya iso gaɓa sai shanun Custodio su ƙarasa da shi kan tudu. Kwana uku muka yi, tubali talatin da biyu, ban da sarƙa da raga. Kowane tubali yana tahowa da baƙar hanya a bayansa, ruwan yana ɓulɓulo da kumfa, wari kuwa kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a hancinka. Custodio ya ce wai kamfani ne ya saki tusar ban kwana. Mu mata muna kan tudu muna fere dankali, muna toshe hanci muna dariya har da hawaye. Kafin yammacin rana ta uku lungun duka ya koma baƙi daga ƙurya har baki, muka ce ai datti ne yake fita.

Ba zan ɓoye maka ba, tun ranar aurena ban ji daɗi irin na wannan rana ta uku ba. Ramin curanto biyu aka haƙa min, girkinmu na rami da ake lulluɓewa da ganye, aka gasa duwatsu tun safe. Raguna uku, kaji tara, wainar dankali, da chorito buhu shida da aka ɗebo tun kafin a fara jan. Da aka yaye ganyen, tururi ya tashi, mutum sittin da 'yan kai suka yi shiru suna ci, wannan shirun da mai girki ke jira. Aka sha giyar tuffa, aka yi rawa a kan ciyawa, har Gwaggo Clorinda ta taka. Nibaldo ya ɗora Maite a wuya ya zo inda nake, fuskarsa duk baƙin taɓo, ya ce, Mama, yanzu kam kin tsare ni a nan har tsufa. Baba Eleodoro ma ya zo, aka zuba masa, ya ci kaɗan. Na lura ya juya kujerarsa yana kallon ruwa, na ce a raina tsufa ne.

Daga nan iska ta ɗauke. Kwana goma sha biyu ko ganye bai motsa ba, ga rana irin wadda ban taɓa gani a tsibirin nan ba, har tumaki suna neman inuwa a ƙarƙashin jiragen da aka kifa a gaɓa. Da farko ruwan ya washe, muka ce ka gani, ina abin tsoron? A rana ta tara sai ya fara rinewa. Da safe kore-kore, da tsakar rana launin tsatsa, layi-layi, in ka sa hannu sai ka ji yauƙi. Bayan kwana biyu ƙaguwa suka fara fitowa kan yashi da rana tsaka, ƙananan kifi suna sama suna buɗe baki. Nibaldo ya je ya ɗaga igiyoyin tsakiyar lungu, waɗanda suka shekara biyu a ruwa, saura wata guda a girbe su. Chorito duka sun hangame baki, naman yana zubowa da kansa. Ba namu kaɗai ba, na gida bakwai ɗin nan duka.

Na bakin lungu suna nan da rai, bakinsu a rufe gam, sai muka ce Allah ya rage mana wani abu. Ran Laraba Nibaldo ya kawo min bokiti guda. Na wanke, na zaɓe waɗanda ɓawonsu ya fashe na watsa wa kaji kamar kullum, sauran na ɗora a wuta da albasa don abincin rana. Tukunya tana tafasa, na riga na jera kwanuka, sai Maite ta shigo ba ƙwai a hannunta, ta ce Kaka Ofe, kaji suna barci a rana, na tashe su sun ƙi. Na fita na iske shida a kwance, ƙafafu a miƙe, ta bakwai tana jan jiki. Yaya, ban san lokacin da na ɗauki tukunyar nan da hannu ba tsumma na kifar da ita a rami ba. Har yau tafin hannuna bai gama warkewa ba. Kwanon Maite ne na farko a jerin, ƙaramin nan mai shuɗin baki, kuma kullum ita nake fara zuba wa.

Washegari ma'aikatan lafiya suka zo suka kafa allo a gaɓa, an hana ɗiba, an hana ci, an hana sayarwa. Bayansu wata malama ta zo daga jami'a, sunanta Paulina, 'yar siririya, takalmin robarta ya fi ƙarfin ƙafarta. Ta yi kwana shida tana ɗibar ruwa da taɓo, a kicin ɗina take cin abinci tunda gidanmu ya fi kusa da gaɓa. Ranar farko ta zuba taɓo a gindin kwalabe biyu, ta cika su a hankali da ruwan teku mai kyau da ta ɗebo daga waje. Ɗaya ta bar ta yadda take, ɗayar ta girgiza, ta jera su a tagata ta ce kada in taɓa. Kafin ta tafi, ta farkon tana nan garau, wadda aka girgiza ta rine.

Ta yi min bayani, kuma abin haushin shi ne na gane tun kafin ta kai ƙarshe. Ta ce abin da taki yake yi wa dankali, shi taɓon nan yake yi wa ƙananan tsirran da ke cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani. Muddin yana kwance ba a taɓa shi ba, takin yana fita kaɗan-kaɗan, ruwa na iya ɗauka. Da muka ja tubalan sai muka huɗe shi kamar garma, takin shekara ashirin ya fito cikin kwana uku, ga zafi, ga ba iskar da za ta fitar da shi waje. Har da ƙwayar irin wasu tsirrai masu dafi da ke binne a cikin taɓon, muka tayar da su sama inda rana take. Suka ci suka hayayyafa. Chorito yana tace ruwa, sai ya tara dafin a cikinsa, shi ya kashe min kaji. Da tsirran suka mutu suka nutse, ruɓewarsu ta shanye iskar da ke cikin ruwa, shi ya kashe igiyoyin tsakiya. Ni da na yi shekara hamsin ina zuba takin tumaki da ciyawar teku a kunya, na san abin da ke faruwa in ka juye wa shuka buhu guda a rana ɗaya, amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin teku ma gona ce ba.

Na tambaye ta kai tsaye, na ce 'yar nan, mu ne? Ta ce ba za ta rantse ba, zafin bana da rashin iska suna da nasu hannun, kuma ba mu muka tara taɓon ba. Na ce to lungun da ke bayan tudu fa, rana ɗaya ce ta dake mu, me ya sa nasu yake garau? Ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kwalba. Na ce to yaushe zai warke? Ta ce dafin zai iya fita daga chorito cikin 'yan watanni, amma irin tsirran sun sake kwantawa, yanzu ba a ƙurya kaɗai ba, a lungun duka, kuma sun fi da yawa. Duk ranin da ya yi zafi za su iya tashi. Wataƙila shekara uku, wataƙila goma, ba wanda ya sani. Ka faɗa min, Yaya, wa zai rataye igiya ya jira shekara biyu a kan wataƙila? Wa kuma zai sayi chorito in ya ji an ce na Quellinco ne?

Abin da ya fi cin raina shi ne yadda garin ya juya wa Nibaldo baya. Gida biyu har sun tura 'ya'yansu birnin Puerto Montt. In ya shiga kanti hira sai ta mutu. Custodio, wanda ya buga tebur, shi ne yanzu yake ɗaga murya yana cewa ku ba injiniyan taɓo hanya. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci na tsaya a bakin ƙofa na tare mutane. Na ce ku saurara, yaron nan ya yarda da Yuli, ni ce na hana, ni na zagi Baba Eleodoro, ni na sa ranar, saboda kada a ce Orfelina ta ciyar da gayya da tsohon dankali. Custodio ya ce, ke dai girki kika yi, kuma ya yi daɗi, mu wanda ya sa hannu a takarda ya riƙe igiya muka sani. Na ce kai fa da dariyarka? Ya ce shi bai tuna an yi wata dariya ba. Mutane suka zagaye ni suka wuce. Ko laifin ma sun hana ni ɗauka.

Na cika kwando da tuffa na je wurin Baba Eleodoro in ba shi haƙuri. Na shirya ya zage ni, ina ma so ya zage ni. Sai ya ce zauna, 'yata, ya miƙo min mate. Ya ce shi ma yana da nasa rabon, ya kamata ya buga sandarsa a ƙasa ya yi ta ihu har sai an ji, amma da aka yi masa dariya kunya ta kama shi, tsofai-tsofai da shi. Ya ce curanto ɗina na ranar shi ne mafi daɗi da ya ci tun rasuwar matarsa. Na fito daga gidan nan ina kuka kamar wadda aka doka, na bi ta bayan gonaki don kada a gan ni.

Shi kuwa Nibaldo, har yau bai ce min komai ba. Ko kallon banza bai taɓa yi min ba. Kullum da safe ya ɗebi ruwan teku a kofin gilashi ya ɗaga wa rana ya duba, ya zubar, ya tafi yanko matattun igiyoyi, ya kai su tudu ya binne saboda wari. Ya rame har ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Makon jiya Yasna ta same ni wurin shanya ta ce min a ɓoye ya je ya ba da sunansa a wani kamfanin salmon da ke ɗaya gefen tsibiri. Aikin nutso, Yaya. Sauka bakwai, takwas a rana, a cikin ruwan Yuli mai tsananin sanyi, ana kwaso matattun kifi daga gindin keji. Aikin da ya mai da Baba Eleodoro mai sanda, shi ma cikin masu sa'a yake, ka san 'yan Barría biyu da aka fito da su a lulluɓe. Farkon Afrilu zai fara. Na tare shi a wurin faskare na ce me ke nan nake ji? Ya yi murmushi ya ce, Mama, ai na yi miki alkawari ba inda zan je, in na tafi wa zai sare miki itace? Ya ci gaba da faskarensa.

Ba na barci kirki tun ranar. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba. Teku ta rufe, gona ba za ta ciyar da mutum huɗu shekara guda ba, garin ba ya son ganinsa. In ya zauna, ruwa zai ci shi a hankali saboda maganar da ya yi min. Ni na ɗaure shi da bakina, ni kuma na kashe abin da zai zauna dominsa da bakin nan dai. Na gaji, Yaya. Ban taɓa jin tsufa ba sai bana.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. In ɗakin nan na bayan gidanka yana nan, ka sa a share shi. In aikin askin yana nan, ko wani aiki, ko na share garke ne, ka riƙe masa. Ka ɗauke su su ukun, shi da Yasna da Maite, don ba zan raba yarinya da ubanta saboda ina son mai ɗebo min ƙwai ba. Abin da na faɗa maka shekara uku da suka wuce, in ka ga dama ka tuna min da shi duk ranar da muka haɗu, na cancanta. Amma kada ka bari ya san ni na rubuto. In ya sani zai ce tausayinsa nake ji, zai ƙi, ka san taurin kan gidanmu. Ka ce gwiwarka ce ta gaza, Yaya Eduvigis ba ta iya ɗaga ka, kana buƙatar namiji a gida. Ba zai iya ce wa kawunsa a'a ba in ciwo ne. Na riga na fara saƙa musu safa da rigunan ulu masu kauri, na ce musu na sayarwa ne. Ta Maite ja ce, ita ta zaɓi zaren ba ta san ta wace ce ba.

Ka gaishe min da Yaya Eduvigis, ka ce ina neman alfarma ta riƙe min sirri, ta kuma yi haƙuri da yarinyar, ba ta cin kifi sai an cire mata fata, kuma sai an rera mata waƙa take yarda a taje mata kai. Ka gaishe da Floridor da matarsa Zunilda, da Amelia, da jikoki duka, da Kawu Segundo in har yanzu yana gane mutane. Gwaggo Clorinda tana gaishe ka, ta ce wai ko ka mutu ne ba a gaya mata ba. Na share kabarin Baba da na Inna ran Asabar, na sa furanni har da naka.

Ka kira ran Lahadi da rana, lokacin muna kan tebur duka. Zan karɓe wayar daga hannun Nibaldo in zazzage ka, in ce ɓarawon 'ya'ya, in ce sai a kan gawata, in yi duk abin da ya san zan yi, don in ban yi ba zai gane. Ka yafe min zagin tun yanzu. Wataƙila in yi kuka, wannan kuwa ba na wasa ba ne. Duk da haka kada ka janye, Yaya. Ko na roƙe ka da sunan Inna, kada ka janye.

Ƙanwarka mai baki,
Orfelina Chiguay